Daga Ɗakin Bincike Zuwa Rumbun Manomi

Sanannen abu ne a wurin malamai, na da da na yanzu, cewa ilmi amana ne, kuma amana ba ta sauka daga wuyan mai ɗauke da ita sai ta isa hannun masu ita. Amma duk wanda ya yi nazarin halin da jami'o'in wannan zamani suke ciki zai tarar sau da yawa masani yakan share shekaru yana fama da mas'ala guda, in Allah ya buɗa masa ya rubuta sakamakon da Turanci mai tsauri a mujallar da ba mai duba ta sai takwarorinsa, a ƙara masa muƙami, shi ke nan magana ta ƙare, alhali talakan da aka yi binciken dominsa bai ko ji labari ba.

Tarihin buhun ajiyar wake ya ishe mu hujja. Manomi ya daɗe da sanin cewa waken da ya tara da kaka, muddin ƙwaro ya shige shi, ba ya wuce 'yan watanni sai ya zama huji da gari. Saboda haka ko dai ya sayar da shi da arha lokacin da kasuwa ta cika, ko kuwa ya zuba masa guba irin su fiya-fiya, wadda illarta take komawa kan mai ci.

A ƙarshen shekarun 1980 Farfesa Larry Murdock na Jami'ar Purdue ta Amurka, tare da masana aikin gona na Marwa a arewacin Kamaru, suka tabbatar da wata dabara da ba ta bukatar magani ko kaɗan: a zuba busasshen wake cikin leda mai kauri, a saka ta cikin wata, a saka su biyun cikin buhu na uku, a ɗaure bakin kowanne daban. Hikimar ita ce, da yake ƙwaro mai numfashi ne kamar sauran halittu, shi da kansa yake cinye 'yar iskar da ta rage a ciki, daga nan ya daina ci, ya daina haihuwa, ya bushe ya mutu.

Duk da sauƙin dabarar, sai da ta yi kusan shekara ashirin ba ta game ƙasa ba, domin babu masana'antar da take yin ledar da ta dace, babu ɗan kasuwar da yake kai ta ƙauye. Rijiya ta bayar, guga ya hana. A 2007 ne, da tallafin Gidauniyar Bill da Melinda Gates, aka ɗaura ɗamarar yaɗa ta a ƙasashe goma na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya da sunan buhun PICS. Masana irin su Dakta Ibrahim Baoua na cibiyar INRAN ta Maraɗi suka sake jarraba buhun, masana'anta a Kano ta shiga ƙera shi, aka yi shela a rediyo da harsunan mutane, malaman gona kuma suka bi ƙauyuka suna ɗaure waken masu sa kai a bainar jama'a, bayan watanni a taru a kwance buhun kowa ya ɗiba ya duba da idonsa, tun da gani ya kori ji.

Ba a ce aiki ya kammala ba, domin ko a 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da sayen busasshen waken Nijeriya saboda yawan gubar da aka samu a cikinsa. Sai dai darasin ya bayyana: gano gaskiya rabin aiki ne, isar da ita shi ne ɗaya rabin, kuma wannan rabin yana bukatar kuɗi da haƙuri da tawali'un zama da manomi a saurari uzurinsa. Lalle ya wajaba ga hukumomin jami'o'inmu, yayin da suke auna darajar malami, su riƙa tambayar abin da bincikensa ya gyara na maslahar jama'a, kamar yadda suke ƙidaya takardun da ya wallafa.