Naira Nawa Motarka Ke Ci a Kowace Kilomita?

Tambayi mai mota nawa zuwa Kaduna daga Kano ke cinye masa, kuɗin mai kawai zai lissafa maka. Ba laifinsa ba ne: tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024, gidan mai ya rufe wa kowa ido. Amma mai bai kai rabin lissafin ba.

A Amurka, hukumar haraji ta IRS kan fitar da ƙiyasin abin da mil ɗaya ke ci ga mai aiki da motarsa. Na 2025 santi 70 ne, alhali man da mil ɗin ke ƙonawa bai kai rubu'in haka ba. Mil kuwa kilomita 1.6 ne.

Mu ƙaddara Corolla 'yar Kwatano mai yin kilomita 15,000 a shekara. Farashin da ke tafe na misali ne, kowa ya sa nasa. Tana shan lita 8 a kilomita 100, lita a naira 900: naira 72 ke nan kowace kilomita. Juyen baƙin mai na 30,000 duk kilomita 5,000, naira 6. Tayoyi huɗu na 200,000 da za su yi kilomita 40,000, naira 5. Bakanike da burki da batir da shokozoba, 300,000 a shekara, naira 20. Takardu da ƙaramar inshora, wadda NAICOM ta mayar 15,000 daga 5,000 a farkon 2023, a ce duka 45,000, naira 3.

Saura babban, wanda ba shi da rasit: tsufan motar. Nan ake yawan ruɗuwa. Sai ka ji mutum na murna ya sayi mota miliyan 3 ya sayar miliyan 6, wai ya ci riba. Ina riba? Naira ce ta karye. Dala da ke wajen 460 a farashin gwamnati kafin Yunin 2023 ta wuce 1,500 a 2024. Ya koma wajen dillalai da miliyan shidansa ya nemi irinta da lafiyar da ya same ta, su ce masa goma. Wannan giɓin na miliyan 4 shi ne abin da ya cinye. A raba shi da shekara 5, a ce su ya yi da motar, a sake rabawa da kilomitocin shekara, ya ba da naira 53.

Jimla 159. Kano zuwa Kaduna kimanin kilomita 230 ne, zuwa da dawowa 460. Mai zai ci 33,000 da 'yan kai, motar kuwa ta ci 73,000.

Wani abin lura, takardu da galibin tsufa ba ruwansu da ko an tuƙa ko an kafe ta a gida. Mai yin kilomita 5,000 kacal a shekara, waɗannan biyun kaɗai sun kai masa naira 169 kowace kilomita, kafin ya zuba digon mai.

Ɗan kabu-kabun da ke cire kuɗin mai da yamma ya kira ragowar riba, jarinsa yake ci. Ranar da inji ya buga zai gane. Kafin nan, ya riƙa rubuta lambar da ke agogon motar farkon kowane wata, tare da duk sisin da ya kashe mata.