YADDA DAWA KE GIRMA

Mu mutanen Unguwar Sanusi muna zaune cikin Kaduna, amma da yawanmu muna da gona a ƙauye. Dawa ce ke cika mana rumbu. To, bari mu bi ta tun daga shuka har girbi.

A ƙasarmu ruwa yakan zauna a watan Mayu ko Yuni. Lokacin shuka ke nan. Idan ƙasa ta jiƙe sosai, dawa takan tsiro cikin kwana 4 ko 5. Bayan mako 2 ko 3 sai mu rage ta, mu bar biyu a kowane rami. A nan ne ciyawa ta fi yi mata ɓarna, gama saiwarta ba ta yi nisa ba tukuna. Kada mu yi jinkirin noman fari da zuba taki.

A Yuli da Agusta sai kara ya miƙe, ganye ya yi yawa. Ganyen nan shi ke haɗa wa dawa abinci da hasken rana. Saboda haka kada mu figi ɗanyen ganye don dabbobi.

Ga wani abin lura. Dawarmu ta gargajiya, kamar kaura da farafara, ba ta ƙidaya kwanaki. Tsawon yini take bi. Sai yini ya fara gajarta take yin ciki, ta fid da kai wajen ƙarshen damina. Masu binciken noma a Samaru ta Zariya, inda aka fara aiki a 1922, sun tabbatar da haka. Wanda ya yi shuka da wuri da wanda ya makara, dawarsu za ta fid da kai kusan tare. Amma ta mai makara ba ta sami lokacin yin ƙarfi ba, kanta ƙarami ne, damin kaɗan.

Fure yakan fara daga saman kai, ya sauko ƙasa. Sa'an nan ƙwaya ta yi ruwa kamar madara, ta yi tauri a hankali. Idan muka ga baƙin ɗigo a gindin ƙwaya, ta ƙosa. Girbi yakan zo a Nuwamba ko Disamba.

Abu guda kuma: mu tuge ƙuduji kafin ya yi 'ya'ya, mu ƙone shi. Irinsa yakan shekara da shekaru cikin ƙasa yana jiran dawarmu.