Wuni Guda A Bakin Ruwan Tiga

Duk wanda ya taɓa yin bazara a Kano ya san yadda zafi ke korar mutum daga ɗaki tun kafin Azahar. A irin wannan yanayi ne, kwana uku bayan ƙaramar Sallah, Goggonmu ta aiko cewa tana son ganin zuri'ar gidanmu wuri guda kafin waɗanda suka zo daga nesa su koma bakin aikinsu. Gidan gado ya yi mana kaɗan, ga zafi, ga rashin wuta. Kawu ne ya kawo shawarar a tafi Tiga a wuni, kowa ya yi na'am.

Mu 26 ne a motoci huɗu, har da aminan yayana biyu da iyalansu. Muka ɗauki hanyar Zariya da sassafe. Da muka isa Kura sai ga gonakin rani kore shar, shinkafa da albasa da masara, alhali ko ɗigon ruwan sama bai sauka ba. Kawu ya waiwayo ya ce wa yara wannan duk albarkar ruwan da za mu je gani ne. An gina madatsar Tiga a kan kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, zamanin marigayi Gwamna Audu Bako, kuma tana iya tara ruwa kusan kubik mita biliyan biyu. Abin da ya ba ni kunya shi ne, cikin yara 11 da ke tare da mu, babu wanda ya taɓa zuwa, duk da cewa tuwon shinkafar da suke ci wannan ruwan ne ya shayar da ita.

Muka shimfiɗa tabarmi a gindin wata bishiya mai kallon ruwa. Kowane gida ya zo da abin da ya sawwaƙa. Matar yayana ta yi dambun shinkafa da zogale, ƙanwata ta kawo waina da miyar taushe, Goggo kuwa da kanta ta dama fura a babbar ƙwarya. Muka sayi karfasa da tarwaɗa a hannun masunta, aka gasa mana nan take, aka barbaɗa yaji. Kafin a buɗe kwano ko ɗaya, Goggo ta miƙo faifai ta ce kowa ya ajiye wayarsa a ciki. Samari suka yi gunaguni, amma babu wanda ya isa ya musa mata.

Akwai 'yan'uwana biyu da rabon gado ya shiga tsakaninsu, shekara biyu gaisuwa kawai ke haɗa su. Goggo ta zaunar da su a tire ɗaya, ba ta ce musu uffan ba. Da farko kowa na kallon gabansa. Can sai na ga babban ya ɓare tsokar kifi ya tura gaban ƙaramin. Ban ce rigimar ta mutu a ranar ba, amma da za mu koma gida a mota ɗaya suka shiga. Da ma Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake.

Bayan Azahar yara suka matsa sai an shiga kwale-kwale. Muka sami wani dattijo mai jirgin katako da inji a bayansa, muka yi ciniki. Mu 15 muka nuna sha'awa, ya ce duk mu shiga, sahu ɗaya ya wadatar. Har na fara ɗaga ɗiyata zan saka ta, sai na ji muryar Goggo a bayana.

"Malam, rigunan kariya nawa gare ka?"

"Huɗu ne, Hajiya. Amma ki kwantar da hankalinki, a ruwan nan na girma."

"Kai ka girma a ciki, jikokina ba su iya iyo ko a kududdufi ba. Mutum huɗu za ka riƙa ɗauka, a biya ka kuɗin kowane sahu."

Gaskiya a lokacin na ga kamar ta tsananta, domin kuɗin ya ninka har sau huɗu. Sai ta dube ni ta ce, "Ka manta Bagwai ke nan?" Jikina ya yi sanyi. Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, jirgi ya kife a madatsar Watari da mutanen ƙauyen Badau da ke kan hanyarsu ta zuwa Mauludi a Bagwai, aƙalla mutum 29 suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya. A watan Mayun wannan shekarar an yi irinsa a Warra da ke ƙaramar hukumar Ngaski ta Jihar Kebbi, sannan a watan Yunin 2023 fiye da mutum 100 da ke dawowa daga biki suka halaka a kogin Kwara, yankin Patigi. Kusan duk lokacin da aka yi irin wannan rashi, dalilan da ake ambatawa ba sa canzawa: lodi fiye da ƙima, tsohon jirgi, tafiyar dare, da rashin rigar kariya.

Haka aka yi sahu huɗu. Ni na shiga na ƙarshe tare da ɗiyata, rigar ta yi mata yawa sai da aka ƙara ɗaure ta da gyale. Da muka yi nisa da gaɓa, zafin nan duk ya gushe, iska mai sanyi tana bugun fuska, ga tsuntsaye farare a kan duwatsun da janyewar ruwa ta fito da su. Yarinyar ta tsoma hannu a ruwa tana dariya. Mai jirgin ya nuna min gabas inda gajimare ya fara haɗuwa, ya ce a ƙarshen bazara iskar hadari kan taso ba sallama, shi ya sa ba ya son La'asar ta same shi a tsakiya. Na tambaye shi dalilin da ya sa bai ƙara riguna ba. Ya ce tsada gare su, kuma da wuya fasinja ya tambaya.

Wannan amsa tasa ce ta sa na ɗauki alƙalami. Mukan ɗora laifin haɗarin ruwa a kan masu jirage da hukumomi, kuma suna da nasu kason. Amma mu fasinjoji mu ne ke cusa kai cikin jirgin da ya cika, mu ne ke ganin neman riga kamar rashin tawakkali, alhali addini ya koya mana a ɗaure raƙumi sannan a dogara ga Allah. Da kowane fasinja zai ƙi shiga sai da riga, da masu jirage sun nemo ta ko ta halin ƙaƙa. Masu hannu da shuni da ke raba shinkafa da atamfa lokacin azumi, su tuna cewa rigunan kariya 50 a mashigar ruwa ɗaya sadaka ce mai gudana. Sarakunan ruwa da masu unguwanni kuma su tsaya a kan adadin da kowane jirgi zai ɗauka, ko da mai shiga ɗan sarki ne.

Ba ina hana kowa zuwa bakin ruwa ba ne. Ina ma a ce kowane magidanci ya ware rana ɗaya a shekara ya kwashi iyalinsa da 'yan'uwansa su je su ga irin arzikin da Allah Ya yi wa ƙasarmu, su ci abinci a kwano ɗaya. Mun yi sallar La'asar a bakin gaɓa, Kawu ya ja mu, muka tattara ledoji da ƙashin kifi don kada mu bar ƙazanta. Kafin motoci su tashi, Goggo ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana ƙirgawa, sai da ta kai 26 sannan ta mayar wa kowa wayarsa. Allah Ya ƙara mata lafiya, Ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci.