Ɗauko Maraya Daga Gabas

Tun daga ranar 27 ga watan Yuli na shekarar 1903, sa'ad da Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada a Bormi, wadda a yau take cikin ƙasar Funakaye ta Jihar Gombe, har ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a suka nausa gabas, suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu cikin ƙasar Sudan, zumuncin mutanen wannan yanki bai ƙara tsayawa a kan iyakar Nijeriya ba. Alhazan ƙasa ma da yawa sun yada zango a hanya, wasu kuwa suka zauna a Makka da Jidda suka hayayyafa. Saboda haka ba abin mamaki ba ne, balle tun da yaƙi ya ɓarke a Hartum ranar 15 ga Afrilu 2023, a ji wani magidanci a Hammadu Kafi ta Gombe ya sami saƙon rasuwar ɗan'uwansa can, ya kuma ƙudura niyyar ɗauko marayan da aka bari.

Da zarar maganar ta tabbata, uwargida za ta share ɗaki, a sayo katifa, a ba tela ɗinki, a je a ga shugaban Islamiyya, duk kuwa abin yabo ne. Amma a ganina shirin da ya fi waɗannan nauyi shi ne na kiyaye nasabar yaron. Shari'a ta kwaɗaitar da kafala, watau riƙon maraya, matuƙar kwaɗaitarwa, shi kansa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a hannun kakansa Abdulmuɗɗalibi ya tashi, sa'an nan baffansa Abu Ɗalib. Abin da ta haramta shi ne tabanni, watau mutum ya jingina wa kansa ɗan da ba shi ya haifa ba, kamar yadda aya ta 4 da ta 5 na Suratul Ahzabi suka yanke hukunci a kan Zaidu ɗan Harisa. Hatta yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989 ta ambaci kafala a sashe na 20.

A nan ne mutanen kirki suke zamewa. Idan zirga-zirgar ofisoshi ta yi tsawo, kuɗin guzuri ya fara ƙarewa, ba a rasa wani ɗan kamasho da zai raɗa wa mutum cewa, "Alhaji, a rubuta ɗanka ne kawai a fasfo, kowa ya huta." Wanda ya karɓi wannan shawara, ko da niyyarsa ta alheri ce, ya haɗa saɓon Allah da laifin ba hukuma bayanin ƙarya, ya kuma ƙulla wa zuriyarsa rigimar da ba za ta bayyana ba sai ranar da aka zauna rabon gado, alhali kuwa hanyar gaskiya a buɗe take. Sashe na 25 na tsarin mulkin 1999 ya ce wanda aka haifa a ƙasar waje, muddin uwarsa ko ubansa ɗan Nijeriya ne, shi ma ɗan ƙasa ne. Abin da ake bukata shi ne shaidar haihuwa, da ta rasuwar mahaifi, da yardar masu haƙƙin reno a rubuce, a kai ofishin jakadanci, kamar ƙaramin ofishinmu na Jidda, wanda yake iya ba da takardar tafiya ta gaggawa. Kada mai karatu ya raina maganar yarda, domin a mazhabar Malikiyya uwa ce a gaba wajen reno, sai kaka ta wajen uwa, sai innar yaro, kafin a waiwayi dangin uba. Baffa ba shi da ikon ƙwace yaro don kawai ya fi wadata.

Tsananin da jami'an kan iyaka da hukumar NAPTIP mai yaƙi da fataucin mutane, wadda aka kafa a 2003, suke yi yana da dalili. A watan Oktoba na 2007 aka kama mutanen wata ƙungiyar Faransa mai suna L'Arche de Zoé a garin Abeshe na Cadi, suna shirin fita da yara 103 da sunan marayun Darfur, daga baya ta bayyana yawancinsu suna da uwa ko uba a raye.

Sa'an nan sai hukunce-hukuncen cikin gida, waɗanda ya kamata a tambayi malami tun yaro bai sauka a filin jirgin saman Kano ko na Lawanti ba. Ɗan ɗan'uwa ba muharrami ba ne ga matar baffansa, ba kuma ga 'ya'yanta mata ba, sai fa idan jariri ne ta shayar da shi cikin shekara biyun farko, wanda a wurin Malikiyya ko sau ɗaya ya wadatar. Ba ya cin gadon mai riƙonsa matuƙar akwai ɗa namiji, don haka mai son ya bar masa wani abu sai ya yi masa kyauta yana da rai, ko wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba. Dukiyar da mahaifinsa ya bari kuwa amana ce, a rubuta ta, a miƙa masa gaban shaidu in ya yi hankali.

Yaron da ya buɗe baki da Larabci, ya saba da burodi da wake da safe, zai ɗauki lokaci kafin ya saki jiki da tuwo da miyar kuka. A kwaɓi yaran gida kada su yi masa dariyar gurguwar Hausa, a kuma bar shi ya riƙa gaisawa da dangin uwarsa ta waya. Ina roƙon duk mai wannan niyya ya fara zuwa wurin malami da alƙali, ya karɓi takardar riƙo da sunan mahaifin yaron, kafin ya yanki tikitin jirgi.