Gaban Kyamara da Gaban Ɗalibai: Wanne Ya Fi Nauyi a Rayuwar Joke Silva?

Idan aka ambaci Joke Silva, masu kallo fuskar da suka saba gani a talabijin suke tunawa. Matasan da suka zauna gabanta a aji kuwa malama suke tunawa. Mace ɗaya ce, aiki biyu, kuma na daɗe ina son in ɗora su a sikeli.

An haife ta a Legas a 1961. Ta koyi wasan kwaikwayo a makarantar Webber Douglas a Landan, ta kuma karanta Turanci a Jami'ar Legas. Daga dandali ta shiga talabijin da fim, har ta fito tare da Colin Firth a fim ɗin The Secret Laughter of Women. A 2006 ta lashe kyautar gwarzuwar jaruma ta AMAA da fim ɗin Women's Cot, a 2008 ta sake karɓar wata da White Waters, sannan a 2014 gwamnatin Najeriya ta ba ta lambar girma ta MFR. Wannan shi ne ɓangaren da kowa ya gani.

Ɗaya ɓangaren ba ya yawan shiga jarida. Ita da mijinta Olu Jacobs suka kafa kamfanin Lufodo, wanda ya haifi makarantar koyon wasan kwaikwayo a Legas, inda ta riƙe ragamar karatu. Ta kuma shugabanci makarantar shirin Project Fame, inda aka horar da matasa mawaƙa a idon jama'a.

Fitowa a allo tana da faɗi da sauri. Dare ɗaya jaruma za ta shiga gidajen da ba ta san adadinsu ba, washegari a tare ta a kasuwa ana yabo. Sai dai ragamar ba a hannunta take ba. Darakta ne zai kira, marubuci ne zai tsara mata rawa, kuma da shekaru suka ja, abin da ake miƙa wa mace yakan koma uwa ko kaka.

Koyarwa kuwa aikin manomi ce: shuka yau, girbi sai an jima, kuma sau da yawa sunan wani ake kira ranar girbin. A ganina ta fi wuya ma. Jaruma jikinta ne ya san aikin. Ta san inda za ta ja numfashi, da lokacin da shiru ya fi magana. Malama dole ta mayar da wannan sanin kalmomi, ta koya wa yaro fitar da murya, da karanta rubutun labari, da sauraron abokin wasa maimakon jiran layinsa kawai. Sannan ta danne zuciyarta, kada ta mayar da ɗalibi kwafinta. Wanda ya kwaikwayi malamarsa ya zama inuwa. Wanda aka taimaka masa ya gano muryarsa shi ya zama ɗan wasa.

Ba na raba su gaba ɗaya, domin sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Shekarun da Joke Silva ta yi gaban kyamara su suka ba maganarta nauyi a aji. Amma idan aka matsa mini in zaɓa, koyarwa ta rinjaya. Fim yana tsufa a faifai, ɗalibi kuwa yana girma, ya koya wa wani.

Nan ne zancen ya shafe mu. A Kannywood yawancin 'yan wasa a wurin ɗaukar fim suke koyon sana'ar, kuma mata da dama sukan bar harkar bayan aure, su tafi da ƙwarewar shekaru ba wanda ya gada. Aji ƙofa ce da za ta iya zama a buɗe gare su. Jarumar da ta sa mu hawaye jiya tana da abin da za ta ba yarinyar da ke rawar murya gaban kyamara yau, kuma asara ce a bar shi ya ruɓe a rumbu.