Mi ke yaga tsokar bayan cinya?

Ɗan wasan tamola yana cikin gudu, ba wanda ya taɓa shi, sai ya dafe bayan cinya ya faɗi. Tsoka ce ta yage.

Tsoka 3 ke akwai bayan cinya. Sun taso daga ƙashin ɗuwawu, sun sauka har ƙasan gwiwa. Wajen gudu, su ke riƙe ƙafa in an jefa ta gaba. Kafin ta taka ƙasa suna miƙewa sosai, nan ne sukan yage. Ta gefen waje ta fi yagewa.

Wa abin ya fi samu? Wanda tsokar bayansa ba ta da ƙarfi. Wanda shekarunsa suka ja. Babba cikinsu shi ne wanda ya taɓa jin ciwon, don tabo ba ya miƙewa kamar lafiyayyen nama. A 1999 ya samu Maikal Owen na Ingila, yana da shekara 19. Ciwon ya yi ta komo masa.

Samari, in ya same ku, ku bar wasa, ku ɗaure wurin, ku tafi gidan likita. Kada ku koma fili sai ya warke sarai.