Sabon inji a tsohuwar mota: Me ke hana ta tashi?

A Amurka, masu sha'awar tsofaffin motoci sun saba cire injin Chevrolet na shekarun 1960 su dasa injin LS, wanda kamfanin GM ya fara sa wa Corvette a 1997. Sai dai wani lokaci, bayan an kashe maƙudan kuɗi, a murɗa makulli inji ya yi ta juyawa amma ya ƙi kamawa.

Abin da makanikai ke fara zargi shi ne tsarin hana sata na VATS. Kwamfutar injin tana jiran saƙo daga motar da aka ciro ta. In ba ta samu ba, sai ta datse mai, inji ya tashi na ɗan daƙiƙoƙi ya mutu. Magani shi ne a goge tsarin daga kwamfutar.

Na biyu, ƙarfin mai. Kabureta na wadatuwa da kusan psi 6, amma LS na buƙatar kusan 58, don haka tsohon famfo ba zai iya ba.

Na uku, wuta. Tsohon makulli kan yanke wa wasu wayoyi wuta daidai lokacin tayarwa, alhali kwamfuta na buƙatar volt 12 a wannan lokacin.

Kafin a sayi sabon kaya, a fara auna waɗannan ukun.